Sayen Gida Ana Fama da Ciwo Mai Tsanani: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekaru ina rubuta takardun cinikin filaye da gidaje a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma yayana ya yi shekara huɗu ana yi masa wankin ƙoda kafin Allah Ya karɓi abinSa. Wataƙila haɗuwar waɗannan biyun ce ta sa mutane ke tare ni a ƙofar masallaci, ko su kira ni bayan isha'i, su fara da "Malam, wata 'yar shawara ce," sannan su sassauta murya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga ɗan kasuwar Marwa har malamar makaranta a Ngaundare. Ga su nan, da amsar da nake ba kowa.

Likita ya ce ciwon nawa ba na kwana biyu ba ne. Ina da 'yan kuɗin da na tara shekara da shekaru. In sayi gida ne, ko in riƙe abina?

Kafin ka tambayi kuɗin gida, tambayi kuɗin ciwon. Raba abin da ke hannunka kashi biyu: na magani da cefane a gefe guda, abin da ya yi saura a ɗaya gefen. Da sauran nan kaɗai ake maganar gida. In bai kai ba, amsar ta fito da kanta, ko da ba ta yi daɗin ji ba.

Gida dukiya ce mai nauyin tashi. Ranar da aka ce a kawo leda biyu ta jini kafin azahar, ko a gangara Yawunde cikin mako, bango ba ya biya. Sa ko tunkiya kana kaɗa su kasuwa da safe ka dawo da kuɗi da la'asar. Gida kuwa sai ya yi wata shida ana zuwa kallo ana tafiya, kuma dillalai suna jin ƙanshin matsi tun daga nesa.

Yayana ya sayi fili a bayan gari, ya zuba duk abin da ya tara, gini ya kai linta, sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Bayan wata bakwai muka kai mai saye ya duba. Ciyawa ta tsiro a inda aka so ya zama ɗakin uwargida, awakin maƙwabta sun mai da falon makwanci. Mutumin ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bulo da makullin babur ɗinsa, ya tambayi jikin mai gida da murya mai taushi, sannan ya taya ƙasa da rabin abin da aka kashe. Ya san jibi muna da asibiti. Mun sallama masa a tsaye.

To nawa zan ware wa magani? Ai an ce gwamnati ta sauƙaƙa.

Ta sauƙaƙa wasu abubuwa, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne. A zamanin yayana sefa 5,000 ake biya kowane zaman wankin ƙoda, zama biyu a mako, wato 520,000 a shekara. Tun da aka ƙaddamar da shirin lafiya na bai ɗaya, CSU, a 2023, kuɗin zaman ya koma 15,000 a shekara ga wanda ya yi rajista. Maganin ƙanjamau kyauta ne tun 2007, na tarin fuka ma kyauta ne.

Sai dai ba kuɗin zama ne ke karya mutum ba. Gwajin jini, allurar ƙarin jini, aikin jijiyar hannu da ake yi don wankin, maganin hawan jini, abincin da likita ya ƙayyade, kuɗin kilando, wato babur na haya, ko hayar mota zuwa da dawowa: waɗannan su ke cin aljihu a hankali kamar gara. Mai ciwon daji da aka rubuta wa gashi da na'ura kuwa, sai an gangara kudu, galibi Duwala. Daga Garwa mota ce zuwa Ngaundare, kilomita kusan 280, sannan a kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan a ci gaba. Ba kai kaɗai za ka tafi ba, da mai jinya, kuma masauki na makonni ne. Duk tsawon lokacin nan shagonka yana rufe ko yana hannun yaro.

Sayi ɗan littafi ka rubuta duk abin da ciwon ya ci cikin wata biyu, har kuɗin ruwan leda a ƙofar asibiti. Tambayi likitanka kai tsaye abin da ke gaba, aiki ne ko tafiya. Sannan ka zauna kan bencin jira ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga layin. Su ne suka san kuɗin gaskiya. Abin da ya fito, lissafa na shekara biyu, haɗe da cefanen gida. Wannan kason ba a taɓa shi ko da gidan da aka kawo maka talla na sarki ne.

Ni ba don kaina nake so ba. Tsorona in mutu in bar yara da uwarsu a gidan haya.

Wannan ita ce ainihin tambayar mafi yawan masu zuwa wurina, sauran duk ado ne. Kuma tsoro ne mai tushe. Mun sha ganin bazawara ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, mai gida ya aiko yaro cewa yana so ya gyara ɗakunan.

Amma duba abin ta ɗaya gefen. In ka kwashe kuɗin magani ka sayi gida, ciwon da da za a lallaɓa shi shekara goma yana iya kayar da kai a biyu. Yara sun samu rufi, sun rasa mai kawo hatsi shekara takwas kafin lokaci. Na san mata da suka ce da an tambaye su, da sun zaɓi haya da mijinsu a raye.

Akwai tsaka-tsaki. Ƙaramin gida mai ɗaki biyu da takarda tsaf ya fi babban gida da bashi a kansa. In ƙaramin ma bai samu ba, biya haya ta shekara ɗaya ko biyu gaba, a rubuce, da shaidu. Wanda ya karanta Risala a zaure zai tuna cewa mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan in na mamacin ne, ko in ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Sauran kuɗin a sa shi cikin abin da matar ta iya juyawa, keken ɗinki ne, injin markaɗe ne, ko rumfa a kasuwa, tun kana nan kana ganin yadda take tafiyar da shi.

Fili zan saya in gina a hankali, ko ginanne?

Ginanne. Gini yana son mai tsayuwa a rana yana ƙirga buhun siminti, yana faɗa da magina, yana bin mai yashi. Marar lafiya ba shi da wannan ƙarfin, kuma wanda ya wakilta ba zai ƙirga kamar shi ba. Kangon da ya tsaya a linta ba gida ba ne, ba kuɗi ba ne. Ka ji labarin namu.

Wace irin unguwa, kuma wane irin gida, ya dace da mai jinya?

Nan mutane suka fi yin kuskure, domin suna duban gida da idon lafiyayye. Arahar fili a bayan gari tana ruɗi. Lissafa tafiya zuwa asibiti sau biyu a mako, shekara da shekaru. Wanda ya tashi daga na'urar wankin ƙoda bayan awa huɗu jiri yake gani, ba zai iya riƙe mai kilando tafiyar rabin awa kan hanya mai gargada ba.

Je ka ga gidan sau biyu. Na farko a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi: shin mota tana shiga har ƙofa? Na taɓa ganin dattijo an ɗauko shi cikin tabarma, mutum huɗu suna tsallake kwata da tocilar waya, domin motar ta tsaya can bakin kwalta. A Garwa ka guji kwarin da ke kusa da Binuwai. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 ba sa bukatar a yi musu bayani. A Marwa ka duba nisan gidan da bakin mayo, wato kogin da ya ratsa gari, wanda yake yashi fayau da rani, ya zama wani abu daban da damina. Na biyu ka je a Afrilu da ƙarfe biyu na rana, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka zauna cikin ɗakin minti goma sha biyar. In kwanon ba shi da silin, ka ji da kanka abin da mai kwanciya zai ji kullum.

A cikin gida kuma: masai kusa da ɗaki, ba can ƙarshen tsakar gida ba. Babu bene, babu dogon dokin ƙofa. Ƙofar ɗaki ta isa keken marasa lafiya ya wuce. Ruwa a gida. Mai allurar insulin yana bukatar firij, firij yana bukatar wuta, don haka a sa kuɗin ɗan sola cikin lissafi tun farko.

Abu na ƙarshe ba ya cikin takarda: mutane. A tsohuwar unguwarka, Yelwa ce ko Fulɓere ko Domayo, akwai maƙwabciyar da za ta leƙo da kunu, akwai mai motar da za a buga wa ƙofa ƙarfe uku na dare. A sabuwar unguwa sai ka kwana uku ba wanda ya san ba ka fito ba.

Mai sayarwa yana da takardar jauro, wato mai unguwa, da hatimin lawan da ke sama da shi, amma ba titir fonsiye. Yana da araha. In karɓa?

Lafiyayyen saurayi yana iya yin wannan kasadar, domin yana da shekarun bin ofis-ofis. Kai ba ka da su, matarka kuma ba ta san ƙofofin ba.

Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta fayyace abin: titir fonsiye shi ne shaidar mallaka a wurin hukuma, kuma cinikin fili mai titir ba ya inganta sai an yi shi gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki. Filin da ba a yi wa rajista ba, doka ba ta san an sayar da shi ba. Takardar jauro tana da daraja a unguwa, ban raina ta ba, tana kashe ƙananan rigingimu da yawa. Amma ranar da wani ya fito da titir a kan wurin, ita ba ta tsayawa gabansa. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a garuruwanmu.

Ko mai titir ɗin ma kada ka tsaya ga kwafin da aka nuna maka. A je ofishin adana titir na ma'aikatar filaye, MINDCAF, a karɓo takardar da ke nuna sunan mai shi a yau, da ko an jinginar da gidan a banki. In gidan gado ne, nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, kuma kowa ya sa hannu. Ɗan'uwa ɗaya da ke Injamena ko Kano wanda ba a tambaya ba ya isa ya rushe cinikin bayan shekara biyar. Kuɗin noter da na rajista da na sauya suna ba kaɗan ba ne, a tambayi adadinsu kafin a sallama. Kuɗin gida kuma kada ya fita daga hannunka a zaure ko ta waya. Gaban noter ake biya.

Ni ma'aikaci ne. In karɓi bashin gida? Dole ne in faɗa musu ba ni da lafiya?

Ma'aikata sun san Crédit Foncier, bankin gwamnati mai ba da bashin gida, wanda aka kafa a 1977, tun da ana cire musu kashi 1 cikin ɗari na albashi saboda shi. Shi da bankunan kasuwa duk suna haɗa dogon bashi da inshorar mutuwa da naƙasa, wadda ke biyan ragowar bashin in mai shi ya rasu. Kafin a ba ka ita, akwai takardar tambayoyi kan lafiyarka, wani lokaci har da gwaji. Mai ciwo mai tsanani ana iya ƙara masa kuɗi, ko a cire ciwon nasa daga abin da inshorar za ta ɗauka, ko a ƙi shi.

Ɓoyewa ita ce mafi muni. Dokar inshora ta CIMA, wadda Kamaru da Chadi duk suke bi, ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan a wannan takarda, yarjejeniyar ta ɓaci. Wato ka biya shekaru, ka rasu, kamfani ya duba fayil ɗin asibiti ya ce ba ya biya, banki ya juyo kan gidan da marayu ke ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga kuma maganar riba, wadda ba wanda ke so ya je kabari da ita. Wasu bankuna sun buɗe sashen hada-hadar Musulunci, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ƙarin da aka ƙayyade tun farko. Ya kuɓutar da kai daga riba, amma bashi yana nan bashi, kuma hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Adashi fa, ko rance wurin 'yan'uwa?

Adashin da ka kwasa a farko bashi ne har zagaye ya ƙare. In za ka shiga, uwar adashi ta san halin da kake ciki. Rancen ɗan'uwa kuwa a rubuta shi da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Kunya ce ke hana rubutun, kuma rashin rubutun ne ke raba zumunci ranar rabon gado.

Ina so in sa sunan matata ko na ƙananan yarana a takardar, don kada 'yan'uwa su dame su. Ya halatta?

A nan sai an yi a hankali, domin abin da noter zai rubuta daban, abin da Shari'a ta yarda da shi daban.

Sayen gida da farashinsa na kasuwa, da kashe kuɗi a magani, babu mai hana marar lafiya. Kyauta ce ke da ƙa'ida. A mazhabar Malikiyya, kyautar da mutum ya yi cikin ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa ana ɗaukarta kamar wasiyya: in ya rasu a ciwon, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma magaji ba ya samunta sai sauran magada sun yarda. In ya warke, kyautar ta tabbata. Asalin sulusin shi ne Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, da ya kwanta ciwo a Makka ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane.

Wanda ciwonsa mai daɗewa ne amma yana fita kasuwa yana harkokinsa, hukuncinsa ba ɗaya ba ne da wanda ya kwanta. Wane ɓangare kake? Kai wa malami mai sanin fiƙihu bayanin likita yadda yake. In an ce kana cikin masu iya kyauta, to kyauta tana cika ne da karɓa, a miƙa gidan da gaske, ba a baki kawai ba. Kuma a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, inda Annabi ya ƙi zama shaidar kyautar da aka keɓe ɗa ɗaya da ita.

Mai mata biyu ya ƙara lura. Tumuni ne rabon mata in akwai 'ya'ya, kuma raba shi suke yi tsakaninsu. Gida ɗaya da ɗakuna biyu na 'ya'ya, sau da yawa ƙarshensa a sayar a raba kuɗi. Kira babban ɗanka da wani ƙaninka mai hankali, ka faɗi nufinka a gabansu tun bakinka yana da ƙarfi. Abin da aka yi a ɓoye shi ke zuwa kotu.

In kuma matarka ta sayar da zinariyarta ko shanunta ta zuba a kuɗin gidan, wannan ba kyauta ba ce, haƙƙinta ne. A rubuta kasonta a takardar ciniki.

Malam, ni mace ce, ina sayar da atamfa, an yi mini aikin nono bara. Kuɗina ne zan saya da shi. Sunan wa zan sa?

Naki, Hajiya. Dukiyar mace tata ce a Musulunci. Sa sunan maigida don kara yakan jawo gidanki ya shiga gadonsa, 'ya'yan kishiya su samu rabo a abin da kika tara. In da sunanki yake, miji yana da rubu'i in kina da 'ya'ya, iyayenki in suna raye suna da nasu, sauran na 'ya'yanki ne. Amma jarin atamfar kada ya shiga kuɗin gidan. Shi ke biya miki komawa asibiti duk wata uku.

Duk wannan lissafin ba rashin tawakkali ba ne? Ai mai lafiya ma yana mutuwa ya bar majinyaci.

Yana mutuwa, mun gani. Amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Ba na iya zirga-zirga. Wa zan wakilta?

Wanda ka taɓa ba amanar kuɗi ya dawo da canji. Yi masa takardar wakilci gaban noter, ta wannan gida kaɗai, da iyakar kuɗin da ka yarda a biya. Kada ka sa hannu kan wakilcin da ya ba mutum ikon saye da sayarwa da jingina da sunanka gaba ɗaya, ko ɗan cikinka ne. Noter yana iya zuwa har gida ko gadon asibiti. A zaɓi ranar da kake garau, ba ranar da aka yi maka allura mai sa barci ba, kada gobe wani ya ce ba ka cikin hayyacinka.

Na riga na saya. Yanzu kuɗin magani ya ƙare. In sayar?

Kada ka yi gaggawar kiran dillali, domin da ya ji dalilin, gari ya ji. Duba ko gidan zai iya ciyar da kansa tukuna. Ɗakin zaure a fasa masa ƙofa ta waje ya zama shago. Ɗaki ɗaya a ba ma'aikaci ko ɗalibi haya, ya biya wata shida gaba. In filin yana da faɗi kuma da titir, ana yanke wani yanki a fitar masa da tasa takarda a sayar, ku ci gaba da zama a sauran. Wannan aikin masu awon filaye ne da noter, yana ɗaukar watanni, don haka a fara tun akwai maganin wata uku a hannu. Mai albashi ya bincika haƙƙinsa na naƙasa a CNPS, asusun fanshon ma'aikata, ko a ma'aikatarsa in na gwamnati ne.

In duk wannan bai isa ba, sayar. Sai dai wani ɗan'uwa da ba ya zaune a gidan ya tsaya a cinikin, ya faɗi farashi, ya iya tashi ya tafi in an taya da raini. Kuma a sa sharaɗi a takarda cewa za ku zauna wata uku bayan biya, kafin a samu haya kusa da asibiti.